Tarihin Kwalejin Katsina da Irin Tarbiyyar da Ta Ba 'Ya'yanta

Duk wanda ya bincika tsofaffin takardun En'e, ko na Baitulmali, ko na ɗakin shari'a, ko na ofishin makarantu, zai tarad da sunayen waɗansu mutane suna ta maimaituwa tun daga Sakkwato har Barno. In kuwa ya bi salsalarsu sai ya ga da yawa daga cikinsu rijiya guda suka sha, watau Kwalejin Katsina. Tun da ya ke an shirya wannan ɗan littafi ne domin tunawa da ma'aikatan da suka riƙe En'e, ya kamata mu ba da labarin makarantar da ta rene su, mu ga abin da aka nufa da ita tun farko, da hanyar da ta bi, da kuma abin da ya fito daga cikinta, wanda ya zarce abin da masu kafa ta suka zata.

Asalin al'amarin

Sa'ad da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa musu addini ba. Saboda wannan alkawari ba a sakar wa 'yan mishan mara ba a ƙasashen Musulmi, ga shi kuwa a Kudu su ne masu makarantu. Sai ya zamana Gwamnati tana bukatar masu rubutu da lissafi, amma ba ta da inda za ta samo su sai daga Ikko da sauran garuruwan bakin teku. Akawunan da a ke kawowa ba su jin Hausa sosai, ba su san gaisuwar fada ba, sarakuna kuma ba su saki jiki da su ba.

Domin maganin wannan aka ɗora wa wani Bature, Hanns Vischer, wanda jama'a suka laƙaba wa Ɗan Hausa, aikin kafa makarantun Gwamnati. Kafin ya fara sai da ya je Masar da Sudan ya ga yadda a ke koyar da 'ya'yan Musulmi a can, sa'an nan ya komo ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan birnin Kano, cikin 1909. Ya raba ta sashe sashe, da na malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na masu koyon sana'a. Da Hausa a ke karatu. Daga nan aka yi ta buɗe makarantun larduna a manyan garuruwa, Baitulmalin kowace ƙasa na ɗaukar nauyin tata.

Amma fa gina ɗaki ya fi samun malami sauƙi. Makarantu suka ƙaru, waɗanda za su koyar a cikinsu suka yi kaɗan, wanda ya gama aji huɗu shi ke komawa ya koya wa na aji ɗaya. Wannan rashi shi ya haifi Kwalejin Katsina. Aka fara karatu a cikinta cikin 1921, kāna Gwamnan Nijeriya, Sir Hugh Clifford, ya zo da kansa ya buɗe ta ran 5 ga watan Maris, 1922. Shugabanta na fari shi ne Mista Bieneman.

Dalilin zaɓen Katsina

Mai karatu ya iya tambaya, me ya sa ba a gina ta a Kano ba, inda kasuwa ta ke, ko a Kaduna, inda mulki ya ke? Gwamna ya ba da dalili biyu a jawabinsa na ranar buɗewa. Na fari, Katsina tsohuwar matattarar ilmi ce. Nan Shaihu Maghili ya sauka a ƙarshen ƙarni na 15, nan hasumiyar Gobarau ta ke, nan Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina suka yi zamaninsu cikin ƙarni na 17, daga wannan ƙasa kuma Malam Muhammadu Alkatsinawi ya fita, masanin hisabi, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Uban da ke ƙyamar boko, in aka ce masa Katsina za a kai ɗansa, hankalinsa ya fi kwanciya.

Dalili na biyu shi ne nisan garin da jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano tun 1911, Katsina kuwa tana can wajen mil 100 daga nan. Gwamna ya ce samari masu neman ilmi suna bukatar natsuwa da nisantar abin da zai ɗauke musu hankali. Wannan gaskiya ne. Amma wanda ya san halin mulkin zamanin ya san akwai wata magana a ƙarƙashinta. Inda dogo ya bi, nan jaridun Ikko ke bi, da lauyoyi, da masu sukar Gwamnati. Turawan mulki ba su so samarin Arewa su ɗauki wannan hali. Suna son malami wanda zai iya Turanci da lissafi, ya kuma komo ya durƙusa gaban sarkinsa kamar yadda ubansa ya yi.

Ga kuma dalili na uku, wanda ya sauƙaƙa kome, watau Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sarki ne mai son sabon abu in ya ga amfaninsa, ya riga takwarorinsa zuwa Makka da Ingila yana bisa gadon sarauta. Ya karɓi makarantar da hannu biyu. Magina suka tayar da ita da tubali da azara irin ginin gari, ba da siminti da kwano ba, don kada yaro ya saba da wurin kwanan da ba zai samu ba in ya koma gida.

Abin da aka nufa

Jawabin Gwamna ya bayyana nufin makarantar a fili. Ya ce an kafa ta domin samarin Musulmi, waɗanda za su koma garuruwansu su zama malamai. Ya ce aikinsu ba zai tsaya ga abin da ke cikin littafi ba, sai sun koya wa yara yadda Musulmin kirki ke zama, da ladabi, da kyawun hali, da girmama na gaba, domin ilmin da ba ladabi a tare da shi amfaninsa kaɗan ne. Ya kuma gargaɗe su da su riƙe addininsu da al'adun iyayensu.

To, a nan tunanin Bature da na Bahaushe suka haɗu, ko da ya ke kowa da inda ya dosa. Malamanmu na zaure tun dā suna cewa ladabi ke gaba da karatu, icce kuma tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Turawan da suka zo koyarwa su kuma sun fito ne daga manyan makarantun kwana na Ingila, inda a ke ganin gyaran hali ya fi cika kai da karatu. Saboda haka da aka ce za a gina makaranta bisa hali, ba wanda ya yi gardama.

Yadda a ke tarbiyya

Daga makarantun larduna a ke zaɓo yara, kowane lardi ya aiko da 'yan ƙalilan waɗanda suka fi hazaƙa. Tafiyar kanta jarrabawa ce, gama yaron Barno ko na Adamawa sai ya yi kwana da kwanaki bisa hanya kafin ya ga ganuwar Katsina. In ya iso a ba shi lamba, wadda za ta bi shi har ƙarshen ransa. Ahmadu Raba, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, lambarsa 87. Abubakar na Bauci, watau Tafawa Ɓalewa, lambarsa 145. Da lamba a ke sanin wa ya riga wani, kuma ko ɗan sarki ne, in lambarsa na baya, sai ya bi na gabansa.

Karatun shekara biyar ne. Sardauna ya shiga 1926 ya fita 1931, Abubakar Imam 1927 zuwa 1932, Tafawa Ɓalewa 1928 zuwa 1933. Ana koya musu Turanci, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da dabarun koyarwa, da Larabci da addini. Malaman ƙasa ke riƙe da sashen Larabci, cikinsu har da Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Turanci kuwa shi ne ƙashin bayan karatun. Mista Gerald Power ya shahara da tsanantawa wajen lafazi, sai yaro ya maimaita kalma guda har harshensa ya faɗa daidai. Malaman allo sun san irin wannan horo, gama haka su ke yi da mai koyon fitar da harafi daga mafitarsa. Amfanin wahalar ya bayyana ran da Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya cikin watan Oktoba, 1960, ya yi magana da sunan Nijeriya, duniya ta saurara.

Bayan aji sai zaman gida. An raba 'yan makaranta gida gida, kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai, shi ke kula da tsabta da tashi da kwanciya, shi ke sulhunta faɗa kafin magana ta kai ga malami. Saurayi mai shekara goma sha tara ya koyi hukunta tsaransa ba tare da zalunci ba, wannan kuwa shi ne rabin aikin hakimi. Rigarsu da hularsu irin ta gida ce. Salla da azumi suna nan a kan ƙa'ida. Da yamma a fita wasa, ko ƙwallon ƙafa, ko kurket, ko wani wasan ƙwallon bango da a ke bugawa da tafin hannu, wanda aka kawo daga makarantar Eton ta Ingila. Sardauna ya ƙware da shi ƙwarai, bai bar shi ba har bayan ya zama Firimiya. Nufin wasannin shi ne yaro ya koyi bin doka ko alƙalin wasa ba ya dubansa, ya koyi shan kaye ba da fushi ba.

Akwai kuma wani amfani wanda ba a rubuta shi cikin tsarin karatu ba. Kafin wannan makaranta, Basakkwace da Babarbare ba su da inda za su zauna su ci tuwo kwano guda, kakanninsu ma sun gwabza yaƙi. A Katsina Ahmadu Raba ya san Kashim Ibrahim na Barno, ya san Aliyu na Bida, wanda ya zama Makama, ga 'yan Ilori, ga 'yan Zazzau, ga 'yan Yola. Suka tashi da harshe biyu na tarayya, Hausa da Turanci. In an ce Arewa ta zama abu guda a zukatan masu mulkinta, a waɗannan ɗakunan ƙasa abin ya fara.

Inda aka gaza

Tarihi ba kirari ba ne, dole a faɗi inda aka gaza. Babban aibin shi ne ƙaranci. Ku dubi lambar Tafawa Ɓalewa: shekara bakwai bayan fara karatu ba a wuce mutum 145 ba, watau kimanin ashirin ke nan kowace shekara, ga ƙasar da ƙidayar 1931 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 11. Turawa sun ɗebi daidai yawan da makarantun larduna da ofisoshin En'e za su iya ɗauka, don gudun kada a sami mai ilmi marar aiki ya zama mai tsaurin ido. Abin da ya biyo baya shi ne, da lokacin mulkin kai ya matso, Arewa ta waiwaya ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi da lauyoyi na kanta.

Na biyu, an fara ta ba tare da ilmin kimiyya ba, gama malaman aji a ke nema. Sai wajen 1930, bayan an haɗa ma'aikatar ilmi ta Arewa da ta Kudu ƙarƙashin Mista Hussey, aka mai da makarantun larduna suka zama Midil, aka ɗaga darajar Kwalejin, aka shigo da kimiyya domin a sami masu taimakon likita da ma'aikatan gona da na gine-gine. Malam Sa'adu Zungur ya bi ta nan ya wuce babbar kwalejin Yaba cikin 1934. Na uku, ƙofarta a rufe ta ke ga waɗanda ba Musulmi ba a shekarun farko, alhali Arewa tana da su da yawa. Mata kuwa ba a ma yi zancensu ba, makarantun 'yan mata na farko na Kano da Katsina sai 1930 aka buɗe su. Alƙalai ma ba daga nan su ke fitowa ba. Sai cikin 1934 aka kafa musu Makarantar Shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan. Ta haka mai Turanci da mai fiƙihu suka tashi a gida daban daban, suka zo suka haɗu a ofis guda ba kowa ya san karatun ɗan'uwansa ba.

Abin da ya fito

Da fari kome ya tafi yadda aka tsara. Sardauna ya koma Midil ta Sakkwato ya koyar, cikin 1934 aka naɗa shi hakimin Raba. Tafawa Ɓalewa ya koma Midil ta Bauci, Kashim Ibrahim ta Barno, Aliyu ta Bida, Abubakar Imam ta Katsina. Da Dokta East ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa cikin 1933, uku daga cikin littattafan da aka buga na mutanen Kwalejin ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na malaminsu Bello Kagara. Makarantar da ta fi kowace tsananta Turanci ita ta ba Hausar boko marubutanta na farko. Cikin 1939 kuma Abubakar Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Cikin 1938 aka tashi makarantar daga Katsina aka kai ta Kaduna, watau aka kai ta bakin dogon da aka guje wa. A zamanin shugabancin Mista Mort aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, suka fara haɗuwa suna kwatanta abin da kowa ya gani a En'en ƙasarsu. Abin da suka gani kuwa bai yi daidai da abin da aka koya musu ba. An koya musu cewa doka ɗaya ce ga kowa, an koya musu lissafin da ba ya karɓar ragi, sai suka tarad da gaisuwa da toshi, da haraji da jangali da ba su isa Baitulmali cif, da talaka wanda ba shi da inda zai kai kuka. Malam Aminu Kano, wanda ya gama Kwalejin Kaduna cikin 1942, shi da Sa'adu Zungur suka ɗauki hanyar faɗa a fili, har ta kai su ga jam'iyyar NEPU. Waɗansu suka zaɓi gyara daga ciki.

Babbar ranar masu gyara daga ciki ita ce cikin watan Agusta, 1950, sa'ad da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya kawo shawara a binciki tsarin En'e duka a gyara shi. Ya yi magana a kan cin hanci, da rashin murya ga talakawa, da haɗarin barin iko duka a hannun mutum guda. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba, bai fita daga ladabi ba, amma bai rage kome daga gaskiya ba. Waɗansu manya suka ji zafi, suka ce yaran boko sun yi girman kai. Duk da haka aka yi binciken, aka bar tsarin sarki shi kaɗai aka koma sarki tare da majalisarsa, aka kuma yi sabuwar Dokar En'e cikin 1954. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Nan ne hikimar al'amarin ta ke. Turawa sun shuka ladabi suna tsammanin za su girbi shiru. Abin da suka manta shi ne, in ka koya wa yaro gaskiya da lissafi shekara biyar, ba ka iya hana shi auna ka da mudun da ka ba shi. Ladabin kuma bai tafi a banza ba, shi ya sa aka saurari maganar. Da wani ne ya faɗe ta da ashar, da an kore ta tun daga zaure.

Bayan Katsina

Cikin 1949 makarantar ta sake ƙaura zuwa Zariya, ta yi zamani ana kiranta Kwalejin Gwamnati, har cikin 1971 aka sa mata suna Barewa. A Zariya ƙofa ta buɗe ga kowa, Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin Kirista, nan ya yi karatu. Gidajen kwananta suna ɗauke da sunayen mutanen da muka ambata, akwai na Ɗan Hausa, da na Clifford, da na Bieneman, da na Mort, da na Bello Kagara. Mutum biyar da suka riƙe Nijeriya sun bi ta cikinta: Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Sardauna ya zama Firimiyan Arewa cikin 1954, Kashim Ibrahim ya zama Gwamnanta cikin 1962. Sardauna da Tafawa Ɓalewa an kashe su a juyin mulkin watan Janairu, 1966, Allah ya jiƙansu. Tsohon ginin Katsina kuwa an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi.

En'e ita ma ta wuce. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya naɗe sauran tabarmar. Amma aikin bai wuce ba, har gobe akwai mai riƙe da littafin kuɗin jama'a, da mai rubuta hukunci, da mai tsayawa tsakanin talaka da mai mulki.

Ya ku manyanmu da abokan aiki, ranku ya daɗe, abin da wannan tarihi ya bar mana ke nan. Mutanen Katsina ba su yi suna don yawan karatu ba, gama yaran yanzu da yawa sun fi su takardun shaida. Sun yi suna ne don an haɗa musu abu biyu waɗanda su kan rabu a hannun mutane, girmama na gaba da ƙin ɓoye masa gaskiya. Ma'aikacin da ya riƙe na farko ya saki na biyu ya zama ɗan amshin Shata, ya kuwa cuci ubangidansa. Wanda ya riƙe na biyu ya saki na farko ba mai jin maganarsa. Ga masu iko da makarantu kuma akwai gargaɗi cikin lamba 145: tarbiyya mai kyau in an taƙaita ta ga 'yan ƙalilan, ƙasa ce ke biyan bashin daga baya. Allah ya jiƙan magabata, ya ba na baya ikon riƙe amana. Haza wasalam.